Kada fenti ya binne maka ƙusoshi

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa ƙaramar tankar yaƙinka ta roba da ka harhaɗa ta fito sumul kamar abin wasan yara, alhali gam ya kama kuma ka sa launin da aka ce. Miƙo ta nan. Fentin ne ka yi masa kauri, ya cinye kawunan ƙusoshin.

Wannan da ke hannunka Mark I ce, tankar Ingila da ta fara shiga fagen daga ranar 15 ga Satumba, 1916, a Flers-Courcelette, cikin yaƙin Somme a Faransa. Ba a yi mata walda ba. Fallayen ƙarfe aka jera, aka kama su da ƙusoshi layi-layi, kuma waɗannan layukan su ne fuskarta. Kai kuma kana aiki da ma'aunin 1/35, wato jikin da ya kai kusan mita 8 ya koma santimita 23 a kan teburinka. Ka duba yadda kan ƙusa ɗaya zai ƙanƙance. Shafa ɗaya mai nauyi ta isa ta shafe shi.

Kafin komai, wanke robar da ruwan sabulu mai ɗumi, ta bushe, don maiƙon hannu yana hana fenti zama. Sai shimfiɗar farko, toka-toka, siririya. Bayanta ka tsinka fentinka har ya yi ruwa-ruwa, ka yi shafa uku ko huɗu, kowace ta bushe sarai kafin ta gaba. Shafar farko za ta yi muni, kana hango robar ta ƙarƙashi. Bar ta haka, kada ka koma kanta da burushi tana ɗanya. Nan ne yawancin yara suke ɓata aiki, kuma yana ba ni takaici, don haƙurin dare ɗaya kawai ake nema.

Ƙusoshin kuwa da inuwa ake tayar da su. Tsinka fenti ruwan ƙasa mai duhu sosai, ka ɗiga da bakin ƙaramin burushi, shi da kansa zai zagaye kowace ƙusa ya bi gaɓar fallaye. In ya bushe, ɗauki burushi mai faɗi, taɓa launi mai haske, goge shi a tsumma har ka ce babu komai, sannan ka share saman jikin a hankali. Kawunan ne kaɗai za su ɗauka.

Maganar launi, zaɓi lokacin yaƙin da kake son nunawa tukuna. Tankokin Satumba 1916 an yi musu zane dabbare-dabbare na ɓad da kama, aikin da mai zane Solomon J. Solomon ya jagoranta. Taɓo ya rufe zanen nan da nan, shi ya sa daga baya aka koma ruwan ƙasa bai ɗaya. In zanen ka zaɓa, to ka bar mata tayoyin nan biyu na wutsiya, don ba a jima ba aka cire su.

Taɓon ma da hankali ake sa shi. Sarƙar wannan tankar tana zagaye jikin gaba ɗaya, ta hau sama ta sauko, saboda haka laka takan zubo daga sama ta gangaro gefe, ta taru a kan akwatunan bindiga da ke kunnuwanta. Tankaɗe ƙasa mai laushi, kwaɓa da farin gam da ɗan fenti, ka sa da tsinke, mai duhu a ƙasa, busasshiya mai haske a sama. Tsatsa kaɗan ƙwarai, don sababbi ne ful aka kai su fage. Inda sarƙa take gogar ƙasa, goga bakin fensir, zai ba ka ƙyallin ƙarfe.

Yanzu je ka jiƙa wannan ka cire fentin da tsohon burushin haƙori. Kada ka kusance ta da tina (ruwan tsinka fenti) mai ƙarfi ko sanfefa, za su cinye robar da ƙusoshin tare.