Tambayoyinku kan waya da kwamfuta: kuɗin haya na ƙarewa a caca

TAMBAYA: Malam, ina aikin gini a birnin Perth na Ostireliya. Ina da abokin aiki ɗan ƙasar Ailan, yana cikin waɗanda suka baro gida bayan tattalin arzikinsu ya durƙushe a 2008. Ƙanensa na can birnin Limerick na Ailan, cacar waya ta kama shi, ga shaye-shaye. Duk wata yana tura masa kuɗin haya da na wuta, amma kafin mako ya zagayo sun bi ruwa. Ya ce in tambaye ka, wace manhaja zai sa a wayar ƙanen a ɓoye, ya riƙa ganin saƙonninsa da inda yake zuwa? Daga mai karatu a Perth.

AMSA: Allah Ya shirya masa ƙanen. Amma manhajar leƙen asiri kam, ba zan ba ka sunan ko ɗaya ba. Wannan tambayar ta ishe ni. Yau mai bin diddigin matarsa, gobe mai bin na ɗansa, yanzu kuma ga na ƙane, kowa ya zama ɗan sandan ciki a gidansu!

Kafin irin wannan manhaja ta yi aiki, sai an riƙe wayar a hannu, an kashe Play Protect (tsarin da ke tare miyagun manhajoji a wayar Android), an buɗe mata kowace ƙofa. Mutumin da ke Perth ta ina zai riƙe wayar da ke Limerick? Duk wanda ya ce masa lambar waya kaɗai ta isa, ɗan damfara ne, kuɗinsa zai ci. Idan ma an dace an saka ta, saƙonni da hotuna da lambobin sirrin da banki ke turowa duk sai sun bi ta rumbun wani kamfani da ba wanda ya san mai shi, kuma an sha yi wa irin waɗannan kamfanoni kutse an watsa bayanan mutane. Ga kuma doka: a 2017 Ailan ta yi dokar da ta ce laifi ne shiga na'urar wani ba da izini ba. Abin da ya fi damuna shi ne ranar da ƙanen zai gano. Zai toshe lambar yayansa, shi ke nan mutum ɗaya da yake saurara ya fita daga rayuwarsa.

Abin da abokinka yake son sani ya riga ya sani: kuɗin na tafiya caca. To ya daina ba shi tsabar kuɗi a hannu. Kuɗin haya ya karɓi lambar IBAN ta mai gidan, wato lambar asusun bankinsa ta ƙasa da ƙasa, wadda ke farawa da IE, ya tura kai tsaye ta manhajar tura kuɗi ta Wise ko bankinsa. Wuta ya karɓi lambar asusun ya biya ta intanet. Abinci kuma ya shiga shafin Tesco ko SuperValu na Ailan, ya yi cefane, ya rubuta Eircode na gidan, wato lambar adireshinsa, a kai masa har ƙofa. Buhun dankali ba ya shiga manhajar caca.

Sai abin da ba ya yiwuwa sai da yardar ƙanen. Su yi kiran bidiyo, yana kallo ƙanen ya kunna toshe caca a katinsa. A manhajar bankin Revolut yana cikin saitunan tsaro, kuma idan mutum ya so kashe shi sai ya jira sa'o'i 48, wanda sau da yawa ya isa zuciya ta huce. Ya ƙara da Gamban, manhajar da ke rufe shafukan caca a wayar gaba ɗaya. Kada ya ɗauka an gama: toshewar tana gane kamfanin caca ne ta lambar da ke jikin cinikin kati, don haka wanda ya ciro kuɗi a na'ura ya taka zuwa shagon caca ya wuce ta.

Abu na ƙarshe, kuma ya yi shi yau. Perth na gaban Ailan da sa'o'i 8 a lokacin sanyinsu, 7 a lokacin zafi, wato tsakar daren ƙanen safiyarsa ce a wurin aiki. Idan muryar ƙanen ta ba shi tsoro, buga lambar gaggawa ta 000 ko 112 daga Perth jami'an Ostireliya zai kai shi. Ya ajiye lambar ofishin 'yan sandan Garda mafi kusa da gidan, da +353 a gaba, a cire sifilin farko, da lambar wani maƙwabci ko ɗan'uwa mai mabuɗi. A wayar ƙanen kuma a ajiye 116 123 ta Samaritans, ƙungiyar da ke sauraron masu damuwa, kyauta ce dare da rana.

TAMBAYA: An turo mini saƙon WhatsApp da sabuwar lamba, wai yayana ne da ke Dablin, wayarsa ta faɗa ruwa, in tura kuɗi cikin gaggawa. Daga mai karatu a Kaduna.

AMSA: Haba malam, yaushe mutumin Dablin ya fara roƙon na Kaduna? Kira tsohuwar lambar. Idan ya ɗauka, toshe sabuwar ka kai ƙararta.

TAMBAYA: Kiran bidiyo da nake yi da mahaifiyata yana yawan tsinkewa. Daga wata mai karatu a Toronto.

AMSA: Kashe bidiyon, murya ta wadatar. A saitunan WhatsApp, ɓangaren ajiya da data, kunna rage cin data wajen kira, a wayarki da ta Hajiya.