Amsa ga ɗana a kan mazantaka

Ɗana, ka tambaya me ya sa dattawan unguwa suka ce gwaggonka "ta yi mazantaka" don ta riƙe marayu da sana'ar ƙuli-ƙuli, alhali mace ce, kuma daga ina kalmar ta fito.

Tushenta "maza" ne, jam'in namiji, aka liƙa masa -ntaka, kamar yadda dangi ya haifi dangantaka, aboki ya haifi abokantaka. Ashe hali take nufi, shi ya sa mace ma kan samu rabonta, har a ce ta yi namijin ƙoƙari. Amma kada ka musanya ta da "mazakuta" a gaban manya, don sau da yawa al'aurar namiji ake nufi da wannan.

Inda yaran yanzu ke kuskure shi ne ɗaukar ta a matsayin rashin tsoro kawai. Ƙafa biyu gare ta: ƙarfin zuciya da dabara, ita dabarar ma daga Larabci muka aro ta. Dubi dambe, wasan da mahauta suka gada, ake yi bayan kaka. Hannu ɗaya ake naɗewa da ƙyalle a ɗaure da igiya, shi ne mashi. Ɗayan a bar shi buɗe a gaba, shi ne garkuwa, da shi ake tare naushi ana auna tazara. Turmi 3 ake yi, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, wato an ci shi. Ɗan damben da ya yi ta wurga mashi ya saki garkuwa, haƙarƙarinsa da muƙamuƙinsa a fili suke, ga hannu ya gaji tun turmin farko. Wannan ganganci sunansa, ko ƙuru, ba wanda zai kira shi mazantaka. Ai an ce faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa.

Mu Zazzagawa ba sai mun je nesa neman misali ba. Sarauniya Amina 'yar Bakwa Turunku da yaƙi aka san ta, amma abin da ya fi riƙe sunanta ganuwa ce, don an ce duk inda ta ya da zango sai an kewaye shi, har yau kuma ana cewa ganuwar Amina. Mai kai hari da ya fara tanadin inda zai fake, ka ga an haɗa biyun ke nan.

Game da faɗar kalmar mazantaka kuwa, ba a yi wa kai. Wani ne ke shaidar ka, kuma sai bayan an ga ƙarshen al'amari, don namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa. Ba a kuma faɗa wa wanda ya girme ka ido da ido, sai ya zama kamar kai ne ke auna shi. In ka je gaishe da gwaggon taka, "sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri" ya wadatar.