Kafin Ki Ciyo Bashin Shago, Ina Allon Samfurinki?

Wata 'yar'uwa daga Unguwar Rimi a Kaduna, mai sana'ar ƙawata gidaje da jeren amare, ta rubuto cewa ta gama aikin falo a Malali na naira miliyan 4, amma uwargidan ta riƙe mata cikon dubu 900, wai labule da fentin ba su ta zaɓa ba. Ta ce sai da ta tura mata hotuna daga shafin Pinterest na intanet ta WhatsApp, ta amsa da "ya yi". Yanzu tana so ta ci bashin banki ta kama babban shago a titin Ahmadu Bello, don masu kuɗi su daina raina ta.

Hajiya, ajiye maganar shagon nan tukuna. Rashin allon samfuri, wato kwalin da ake manna ƙyallayen yadi da launin fenti don mai aiki ya gani ya zaɓa, shi ne ya cinye miki kuɗi, kuma ko bene kika kama haka za a ci gaba da riƙe miki ciko, ga kuɗin haya da bashi a wuyanki.

Hoton da kika tura a wani ɗaki na Dubai ko Turkiyya aka ɗauke shi, da fitilu na musamman, aka kuma gyara launinsa. Wayarki ta nuna shi daban, tata ta nuna daban. Da ta ce "ya yi", da ɗakin hoton take, ba da yadin da za ki samo a Kasuwar Gumi ba. Ruwan toka kaɗai kala nawa ne? Ke kin san amsa, ita ba ta sani ba sai ranar da ta ga labule a rataye.

Ki samu kwali mai kauri ki manna ainihin kayan: ƙyallen labule mai faɗin tafin hannu biyu, yankin yadin kujera, gutsuren tayil, guntun katakon da kafintanki na kasuwar Panteka zai yi aiki da shi. Fenti kuwa ki shafa sau biyu ki bari ya bushe, domin jiƙaƙƙen fenti da busasshe ba ɗaya suke ba, sannan ki rubuta lambar gwangwanin. Ƙarƙashin kowane abu ki sa farashi da kwanan wata, ki ƙara da cewa farashin na mako biyu ne. Ki kai allon cikin falon, a gan shi da rana, a sake ganinsa da dare a hasken ƙwan gidan. A nan ne za ki gaya mata gaskiya cewa farar kujera mai gashi-gashi ba ta jure ƙurar hunturun Kaduna. Idan ta nace, ta sa hannu a kan nacewarta.

Sa hannun ma ki kula da wanda zai sa. Na san wata mai jere da ta yi duk wannan, amarya ta amince, ashe gwaggon amarya ce ke riƙe da kuɗin. Ranar jere gwaggo ta shigo, ta ɗaga labulen da yatsa biyu ta ce wannan kalar gidan makoki ce. Aka sauke, aka ɗinka sabo daga aljihun mai jeren. Duk wanda kuɗi zai fito daga hannunsa, shi ma ya ga allon ya sa hannu.

Kada ki yi allon kyauta. Ki karɓi kamar dubu 30 zuwa 50, ki cire daga kuɗin aiki idan an ba ki. In ba haka ba, wasu za su ɗauki hotonsa su kai wa kafintansu. Kuma kar ki yanka yadi sai kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin aikin ya shigo hannunki.

Batun dubu 900 ɗinki, ba ki da takarda, don haka rigima ba za ta fisshe ki ba. Ki nemi wata dattijuwa da take jin nauyinta ku je tare, ki yi tayin canza labulen a raba kuɗinsa biyu, fenti ya zauna yadda yake. Wannan karon ki tafi da ƙyallaye uku, ta zaɓa ta sa hannu a gaban dattijuwar.