Ba rashin giyar Soave ke cinye maka jari ba

Wani ɗan'uwa ɗan Zangon Kumasi da ke zaune a Verona, ƙasar Italiya, ya rubuto mini. Shekara biyu ke nan da ya buɗe gidan abinci: soyayyen kifi, shinkafa da wake, tsire. Ya ce Turawa kan nemi farar giyar Soave su haɗa da kifi, idan ya ce ba ya sayar da barasa wasu su juya. Ƙarshen wata ba riba. Yana tambaya ko ya ci bashi ya koma babban shago a tsakiyar gari. Can ƙasan wasiƙar ya ce ƙanin matarsa ke riƙe da kuɗin ciniki, "ba ma rubutawa, ai duk gida ne."

Malam, wannan layin na ƙarshe shi ya hana ni sukuni.

Maganar giya na fahimce ta. Garin Soave yana gabas da Verona, ga shi nan kusa da kai, kuma daga inabinsu da ake kira Garganega ake yin ta. Mutanen yankin sun saba shan ta da kifi da shinkafarsu ta risoto, saboda ɗan tsaminta yana kashe maiƙo a baki. Gaskiya ne masu gidajen abinci suna cin riba a kwalba, sukan sayar ninki biyu ko uku na yadda suka saro. Ka bar wannan ribar don addininka, Allah ya musanya maka. Amma mutum nawa ne suka juya a satin jiya? Uku ne, ko talatin? Ba ka sani ba. Nawa farantin kifi ɗaya yake cin ka, da mai da gas da haya? Shi ma ba ka sani ba. To da wane ma'auni ka ɗora wa giya laifi?

Na taɓa zama da wani mai shagon kayan abinci a Brescia, wani birni a arewacin Italiya, shi ma ɗan yayarsa ya damƙa wa aljihun tebur. Da muka baje rasitan sari muka kwatanta da abin da ya shiga banki, sai ga rami na wata da watanni. Yaron ba ɓarawo ba ne. Yau ya ba aboki bashi, gobe ya aika wa gida yuro hamsin, jibi ya sa mai a mota, ba wanda ya rubuta. Mutumin ya riƙe kai ya yi shiru. Shagon ya rufe, zumuncin ma bai tsira ba.

Kuma kai a Italiya kake. Tun 2020 doka ta wajabta fitar da rasit na na'ura a kan kowane ciniki, jami'an Guardia di Finanza, wato 'yan sandan haraji, kuwa ba ruwansu da "duk gida ne".

Ka manta da babban shago. Wanda bai san lissafin tebur shida ba, bashi zai binne shi a tebur ashirin. Daga gobe, kowane dare ku ƙirga kuɗi tare da ƙanin matarka, ku kwatanta da na na'ura, ku sa hannu ku biyu. Ka yanka masa albashi sananne. Idan ya yi fushi, ka lallashe shi, amma kada ka janye.

Shi kuma Baturen da ke neman tsami a kan kifinsa, ka miƙa masa zoɓo mai sanyi da citta, sukari kaɗan, a kofin gilashi mai kyau, yuro uku. Ka rubuta kofi nawa ke fita kullum. Bayan wata uku ka turo mini littafin, mu duba tare.