Tantanin albasa ya ƙi fitowa a maikuroskop

Ƙanena na Asawase a Kumasi, ka ce kana shirin WASSCE, jarrabawar gama sakandare, ka duba albasa, sai zobba baƙaƙe kake gani. Kumfar iska ce, ba ƙwayoyin halitta ba. Ɓare siririn tantanin cikin naman albasa, rabin farce ya isa, ka shimfiɗa shi a ɗigon ruwa a kan gilashin gwaji, ka ɗiga aidin don ya rina shi. Kafa gefen gilashin rufi a karkace, ka sauke a hankali. Sakinsa a kwance ke kama iska.

Fara da ƙaramin idon maikuroskop, x10, mai girmama abu sau goma. Za ka ga ƙwayoyin jere kamar bulo a gini, nukiliyas ɗin, wato cibiyar ƙwayar, a gefe, domin jakar ruwa ta cika tsakiya ta ture shi. In tantanin ya naɗe, haske ba ya ratsawa. Kada ka zana kuloroplas, koren ɗigon da ke cikin ƙwayoyin ganye, don Allah. Kan albasa ba shi da shi.