Amsoshin Wasiƙun Manoma: Laifin Wa Ne Rikicewar Damina?

Wani matashi daga Gumel ya rubuto cewa sun kwana biyu suna musu da mahaifinsa. Baba ya ce rikicewar damina ikon Allah ne, an yi fari tun kaka da kakanni. Shi kuwa ya karanta cewa mutane ne suka ɓata yanayi da hayaƙi. Yana so in raba gardama.

Ɗana, kada ka yi saurin ƙaryata Baba. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta afka wa ƙasar Hausa tun mota ba ta zama ruwan dare ba. An sha damuna masu albarka a shekarun 1950, sai ga farin 1973 da na 1984. Ruwanmu daga tekun Atilantika iska take ɗauko shi, in teku ya ɗumama ko ya huce, daminarmu kan ji a jikinta. Wannan juyi ya daɗe.

Kai ma kana da gaskiyarka, ta wajen zafi. Iskar kabon da ke fita daga ƙona fetur da gas da kwal tana taruwa a sararin sama, yawanta ya tashi daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420, duniya kuma ta ƙara zafi fiye da digiri 1. Iska mai zafi ta fi ɗaukar tururi. Shi ya sa sai a sheƙe ruwa kamar da bakin ƙwarya a dare guda, ya kwashe shuka, sannan a yi makonni ba ɗigo. Ku 'yan Jigawa kun ga ambaliyar 2022. Yawancin hayaƙin ba namu ba ne, Afirka kaf ba ta kai kashi 4 cikin 100 ba. Ka gaya wa Baba cikin ladabi, yarda da ƙaddara ba ta hana neman sababi.

Amma ku biyun kun tsallake abin da ya fi damuna, wato gatarinku. Duk shekara ina faɗa, duk shekara ana yin sassabe ƙal, a sare kalgo da sabara har ƙasa, a tara kara a cinna wuta, sannan a aiko mini da kukan gona ba ta riƙe ruwa. Ina za ta riƙe? Sare bishiyar gonarka ba zai kori hadari ba, amma shi ke sa ruwan da ya sauka ya gudu da ƙasar sama, iska kuma ta binne ƙaramin gero da yashi. Manoman Maradi sun gane haka tun bayan farin 1984. In kututture ya yi toho, sai su zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su datse sauran, su riƙa gyarawa kowace shekara. Ba dashe, ba ban ruwa, ba ko sisi. Yau miliyoyin kadada a Maradi da Damagaram sun koma da bishiyoyi. Gawo kuwa kada ka taɓa shi. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa amfani rana, ganyen taki ne, 'ya'yansa abincin awaki.

Wani daga Daura ya ce binnen da ya yi ya tsiro ya ƙone, karo na biyu ke nan. Malam, ruwan farko ya daina cika alkawari. Ka saurari hasashen da NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke fitarwa farkon shekara, ka jira ƙasa ta jiƙe zurfin tafin hannu, ka nemi gero mai saurin nuna irin SOSAT.

Wata Hajiya daga Funtuwa na tambaya ko sauyin yanayi ne ya kawo tsutsar da ke cin masararta, ta ce ta yi feshi sau uku. A'a, Hajiya, baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, a 2016 aka fara ganinta a Najeriya. Ki daina zubar da kuɗi da tsakar rana, lokacin ta lafe a cikin kan masara, inda sabon ganye ke fitowa. Ki duba gona da sassafe, ki murƙushe ƙwai, ki zuba toka da yashi cikin kan. In feshin ya zama dole, da yamma, tun tsutsar tana ƙarama.