Kwana bakwai a West Highland Way: amsa ga ƙanenmu na Glasgow

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce kana karatu a Glasgow, kuna shirin taka West Highland Way, doguwar hanyar tafiya da ƙafa a Skotland, a watan Yuni bayan jarrabawa, kana tambaya ko jakar makaranta da rigar sanyinka za su wadatar, da kuma yadda ranakun suke. Na taka ta daga farko har ƙarshe cikin kwana bakwai da tanti a baya, to ga abin da na gani.

Hanyar kilomita 154 ce, daga Milngavie zuwa Fort William, an buɗe ta a 1980. In za ka sayi tikitin jirgin ƙasa zuwa Milngavie ka ce "Mulgai", haka 'yan gari suke faɗa, ni sai da mai sayar da tikiti ya sa na maimaita sau uku. Tsawon bai kamata ya tsorata ka ba, wajen kilomita 22 ne a rana, kuma wuri mafi tudu a hanyar bai wuce mita 550 ba. Abin da ke karya mutane jiƙa ce.

Mu da muka taso a gida mun saba ruwa yana sallama kafin ya shigo. Hadari ya haɗu a gabas, iska ta taso, a kwashe shanya, a tafka shi awa guda, gari ya washe. Can ba haka ba ne. Ranar da na hau Conic Hill na fito da safe rana tana haske har na cire riga ta sama. Kafin in kai rabin tudun yayyafi ya fara, irin siririn nan da kake raina shi, ka ce ba sai ka tsaya ciro rigar ruwa ba. Da na kai sama hazo ya rufe tafkin Lomond gaba ɗaya, iska tana jifa ta da ruwa ta gefe, haƙorana suna haɗuwa. Ina sauka Balmaha rana ta sake fitowa kamar ba ita ba. Duk wannan tsakanin hantsi da azahar.

Kuskurena a ranar shi ne rigar auduga da na sa a ciki. Auduga in ta sha gumi da ruwa ba ta bushewa, tana manne a jiki tana zuƙe maka ɗumi, kuma da zarar ka tsaya hutawa sanyi ya shige ka. A haka mutum ke sandarewa ko a tsakiyar Yuni. Ka nemi ta ulu ko irin ta 'yan ƙwallo, ka bar jins a gida. Rigar ruwa da wandonta su zauna a bakin jaka, ka sa su tun ɗigon farko. Jakar makaranta kuwa a'a. Kana buƙatar mai ɗamara a ƙugu, don nauyin ya sauka daga kafaɗa. Ka zura babbar baƙar leda a ciki kafin ka zuba kaya, domin murfin da ake sayarwa tare da jaka iska tana ɗage shi.

Dokar da ta cece ni ita ce kaya kashi biyu. Na tafiya, da na kwana. Na kwana ba sa fita daga leda sai cikin tanti, komai tsanani. Da safe ka cire su, ka mayar da jiƙaƙƙun na jiya. Wallahi babu lokacin da na fi tsana kamar wannan, zura ƙafa cikin safa mai sanyi da ƙarfe shida na safe. Amma bayan minti goma na tafiya jiki ya ɗumama su. Abokin tafiyata ya ƙi, ya fita da busassun a rana ta uku, daren nan bai runtsa ba.

Rana mafi wuya a wurina ita ce ta Rowardennan zuwa Inverarnan. A taswira kamar yawo ne a bakin tafki. Daga Inversnaid zuwa gaba kuwa saiwoyin itace ne da duwatsu masu santsi, hawa da sauka, wani wurin har da hannu. Nan ne na zauna a kan dutse ina lissafin kuɗin motar komawa Glasgow. Na ci dabino da gyaɗa, na sha shayi, sai na ga ashe yunwa ce take min huɗuba. Daga ranar na daina yanke shawara da ciki wayam, kuma na daina yanke ta da yamma.

Sai ƙudajen nan da suke kira mijis. Sun fi sauro ƙanƙanta nesa ba kusa ba, suna zuwa kamar hayaƙi, kuma Yuni lokacinsu ne. Suna son lumshi da rashin iska, safe da yamma. Za ka ga kanka kana roƙon iskar da ka wuni kana tsine wa. Ka sayi ragar rufe fuska mai ƙananan idanu, ta sauro ba ta tare su. Sallar magariba a cikinsu jarrabawa ce, kuma rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, don haka ka tambayi malami hukuncin kasaru da haɗa salloli tun kafin ka tashi. Kullum da dare ka duba jikinka saboda kaska.

Filin Rannoch, tsakanin Bridge of Orchy da Kingshouse, shi ne inda za ka duba hasashen yanayi da gaske, na duwatsu, kada ka dogara da na gari da ke wayarka. Fili ne fetal, babu gida babu rumfa na tsawon sa'o'i. Ni na dace da rana mai kyau, kuma ban taɓa ganin wuri mai faɗi da shiru irinsa ba. Washegari a hawan Devil's Staircase, wato Matakalar Shaiɗan, aka rama, hazo har ban iya ganin wanda ke gabana. Hawan bai kai sunansa ba, gangarowa Kinlochleven ce ta cinye min gwiwa.

A Skotland doka ta yarda ka kafa tanti a daji, amma a wasu sassan gabashin tafkin Lomond, daga Maris zuwa Satumba, sai da izini ko a sansanin da aka keɓe, to ka kama wuri da wuri. In nauyi ya dame ka akwai masu kai jaka masauki na gaba a biya su, babu abin kunya a ciki.

Tikitin dawowa daga Fort William kada ka ɗaure shi da rana ɗaya, ka bar kwana guda na rara saboda ruwa. Ka zauna kusa da taga, jirgin yana bi ta Bridge of Orchy da Tyndrum, za ka hango wasu suna tafe da jakunkuna a inda ka bi. Allah Ya kai ku lafiya, Ya ba da sa'ar jarrabawa.